Kofin Tseren Orville

"Dala ɗari takwas!" Wendell ya ɗaga hannu, gumi na karyo masa. Mai gwanjo ya buga guduma.

Kofin azurfa ne na tseren kwalekwale, wanda amininsa Orville ya ci suna samari. Tun da Wendell ya ga kofin cikin kayan gwanjo ya ƙudura sai ya saye shi. Ashe babu ta kai Orville ga sayar da abin alfaharinsa, ya yi gum da bakinsa.

Bai zame ko'ina ba sai gidan Orville. Ya miƙa masa kofin.

"Ungo kayanka, tsohon banza. Me ya hana ka gaya mini?"

Orville ya rungume shi, har da matso ƙwalla.

Matar gidan, Maxine, ta leƙo daga kicin.

"Au, bana kai ne? Ai ka yi sa'a, bara sai da maƙwabcinmu ya biya dubu. Duk shekara yake kai shi gwanjo, bai taɓa kwana uku a waje ba."

Orville ya goge kofin da bakin rigarsa.

"Yi a hankali, Maxine. Saura abokai huɗu."