Akwati Mai Ƙarko

Kafinta ya gane akwatin tun kafin ya ɗago ido ya gane matar da ta kawo shi. Shi ya haɗa shi shekara arba'in da suka wuce domin kayan aurensu, sannan ya auri wata ba tare da ya ce mata uffan ba.

"Murfin ne ya saki," in ji ta.

Ya shafa katakon. "Ashe ya yi ƙarko." Ya ajiye murfin gefe. "Na ji maigidanki ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ni ma ni kaɗai nake. Da za ki yafe mini, da na turo magabatana."

Ta dube shi, babu fushi a fuskarta, abin da ya fi masa zafi ke nan.

"Malam, kai ka koya mini ma'anar kalmar nan. Ka ce ba mai sana'a ke kiran abu mai ƙarko ba, daga bakin wanda ya daɗe yana amfani da shi take fitowa."

Ya sunkuyar da kai.

"To, na shaidi akwatin, na kuma yafe maka tuntuni. Gyara mini murfin kawai, jikata za ta yi aure."