Feshin Bishiyar Rambutan

Da ya san abin da zai biyo baya, da bai goya tankin feshi a safiyar nan ba.

Matarsa ta tare shi a bakin lambu. "Maigida, ba 'yarka ta ce a bar mata wannan bishiyar rambutan ɗin ba?"

"'Yata? Ai ta farfesansu na jami'a ce yanzu. Farfesa ya ce kaza, farfesa ya ce kaza! Ni da na sayar da gonar roba don ta yi karatu, ko gaisuwar kirki ba na samu."

Ya wanke bishiyar da magani daga sama har ƙasa. Tsutsotsin da ke naɗe cikin ganye suka zubo kamar shinkafa.

Da yamma 'yar ta sauka daga motar birnin Ipoh, rungume da kwalabe. Ta daɗe durƙushe a gindin bishiyar.

"Baba, tsutsotsin nan 'ya'yan wata faɗa-wuta ne, danginta uku kacal aka sani a duniya. Wannan ce ta huɗu, kuma sai ta yi fiffike ake raɗa mata suna. Farfesa sunansa ya so a sa mata. Da ƙyar na shawo kansa ya yarda da naka."

Har yau ba wanda ya san launin fiffikenta.