Famfon Tsohuwar Tasha

Tun da aka gina katangar da ta raba garin da teku, ba wanda ya ƙara sa ruwan a ido. Lantana ta zo tsohuwar tashar jiragen ruwa da gora a hannu. Mahaifinta ya yi dako a nan tun yana saurayi. Yanzu yana kwance, ba abin da yake nema sai ruwan teku a shafa masa a ƙafa, yadda 'yan dako suke yi in sun tashi aiki.

Turakun ƙarfen da ake ɗaure jirage suna nan, an yi musu fenti. Lasifika tana ta maimaita ƙarar igiyar ruwa.

"Ga famfo can, Hajiya," in ji mai gadi. "Don masu ziyara aka sa."

"Daga tekun yake zuwa?"

"Haka suka ce."

Ta cika gorar ta koma gida. Tsohon ya tsoma yatsa ya ɗanɗana.

"Baba, ba shi ba ne?"

"Gishirin miya ne," ya ce. Sannan ya miƙo ƙafa. "Shafa min."