Ayyukan Shugaba

"Cire hoton tsohuwar nan daga shafinmu na intanet," in ji sabon shugaban ƙungiya. "Zamaninta ya wuce."

Mai gina shafin ta haɗiye fushinta. Marigayiya gwaggonta ce ta kafa ƙungiyar nan, da tabarma ɗaya a gindin bishiya.

"An gama, ranka ya daɗe."

Ta cire hoton daga ko'ina, ban da shafin da ke fitowa idan aka nemi abin da babu.

Ranar ƙaddamarwa, a gaban manyan baƙi, shugaba ya gyara hula, ya latsa "Ayyukan Shugaba". Ko aiki ɗaya bai taɓa aiko wa mai gina shafin ba.

Fuskar Gwaggo ta cika allo tana murmushi. A ƙasa an rubuta: "Babu komai a nan."