Sabulu Mai Ƙamshi

Ta tattara sabulan nan masu ƙamshi gaba ɗaya, ta zube su a gaban uwar mijinta.

"Mama, ga kayanku."

Tsohuwar ta riƙe haɓa. "Au, da wannan ƙarnin da kike fama da shi? Ba na ce ki riƙa wankewa har can ciki ba? Mace sai da tsafta!"

Ai ta wanke. Wata da watanni tana dirzar kanta safe da yamma, ruwan da ke fito mata sai ƙaruwa yake, har ta daina zama kusa da kowa a ofis. Yau ta je asibiti kanta a sunkuye, ta fito a miƙe.

"Likita ta ce akwai ƙwayoyi masu amfani da ke gadin gaban mace. Sabulun nan ne ya kashe su, miyagun suka samu ƙofa."

Ta haɗiye maganin da likita ta ba ta a gaban tsohuwar, ta ajiye kofin ruwan.

"Ni ba ƙazama ba ce, Mama. Jikina ya daɗe yana wannan faɗa shi kaɗai, ni kuma ina taya abokan gabansa. Yau na koma bayansa."