Uwar Kifi a Kwalba

Da hantsi macen kifin ta fara haihuwa. Ba ƙwai take saki ba, 'ya'ya ne rayayyu, ƙanana kamar ƙwayar gero mai idanu, suna faɗowa suna neman maɓoya cikin ciyawar akwatin gilashin.

Maigidan ya sayo akwatin ne bayan ya saki matarsa ta koma garinsu Sule Tankarkar, don 'yarsu ta samu abin kallo, ta daina tsayuwa a bakin ƙofa. Tun daga lokacin gidansa na Gumel ya yi tsit, sai gurnanin injin iskar kifin idan an kawo wuta.

Mai sayarwar ya gargaɗe shi cewa tana gama haihuwa ya raba su. Ya sa rariyar shayi ya kamfato uwar a hankali, ya saka ta a kwalbar ruwa, ya ajiye can kan taga.

"Abba, me ta yi?" in ji 'yar.

"Ba ta yi komai ba, Mamana. In aka bar ta da su, cinye su za ta yi."

Yarinyar ta daɗe tana kallon uwar tana zagaye kwalbar ita kaɗai, tana dungurar gilashi da baki. Sannan ta ɗago, murya ƙasa-ƙasa.

"Ni ma Ummata cinye ni za ta yi?"

Rariyar na ɗiga a kan ƙafarsa, bai ko ji ba. Can ya laluba makullin babur ya ce, "Ɗauko takalminki, mu je Sule Tankarkar."

Ita kuwa sai da ta fara ɗauko kwalbar, ta jingina ta da akwatin.