Birkin Hagu na Tsohuwar Tarakta

Ka ce injinka yana da ɗan laifi amma ka san kansa. To, zauna ka ji.

Wani manomi yana da tsohuwar tarakta da ya gada. Irin waɗannan birkinsu biyu ne, na hagu da na dama, kowanne da matakinsa, domin idan an kai ƙarshen kunya a taka guda ta juyo a ɗan wuri. Wata damina ya yi ta aiki da ita a fadama, taɓo ya shige mata ko'ina, tsatsa ta biyo baya. Tun daga nan in ya taka birkin hagu sai ya cije, matakin ya ƙi dawowa, tayar ta tsaya cik tana jan ƙasa, hancin taraktar ya karkata. Ya kira bakanike. Bakaniken ya ɗaga ta a jak, ya juya tayar da hannu, ya shinshina ƙaurin, ya laluba ƙarƙashin matakin. Ya ce ƙarfen da matakin ke juyawa a kai ya yi tsatsa, sifirin da ke dawo da shi kuma ya saki, sai an kwance an goge, an sa giris da sabon sifirin. Manomi ya dubi hadari, ya tuna gonakin mutane da ke jiran huɗa. Ya hau, ya taka birkin, ya zura babban yatsan ƙafarsa ƙarƙashin matakin ya ɗago shi, tayar ta sake. Ya ce, "Ka gani? A bari sai an gama huɗa." Bakanike ya yi dariya ya ce, "To Alhaji, Allah ya ja kwanan yatsan nan, tunda shi ne sifirin."

Huɗa ta wuce, kaka ta zo ta wuce, wata daminar ma haka. Ƙafarsa ta koyi aikin, har ta kai yana ɗago matakin yana hira, bai ma san ya yi ba. In an tambaye shi lafiyar tarakta, da zuciya ɗaya yake cewa ƙalau take. Rannan zazzaɓi ya kwantar da shi, ga shinkafa an casa tana jibge a fadama, ana tsoron awaki da ɓarayi. Ƙanensa, magidanci mai 'ya'ya, wanda ya iya tuƙi sarai, ya ce zai kwaso. Daga kan tabarma manomin ya miƙa masa makulli. Ya gaya masa a duba ruwa, ya gaya masa batir sai an tura, har kujerar da ke rawa bai manta ba. Ƙanen ya cika tirela da buhuna. A gangaren kwalbati ya taka birki, na hagu ya cije. Ya ɗaga ƙafa yana jiran tayar ta sake, ba ta sake ba. Nauyin tirela ya turo taraktar daga baya, ta juya ta kife a kansa. Kafin a ɗaga ta rai ya yi halinsa.

Masu gaisuwa suka yi ta cewa kwana ne ya ƙare, kuma haka ne. Da aka watse, matar mamacin ta durƙusa daga bakin ƙofar manomin, muryarta ƙasa-ƙasa, ta ce, "Yaya, an ce birkin ya daɗe yana haka. Ba ka gaya masa ba?" Da ɓoyewa ya yi, da ya san abin da zai roƙi gafara a kai. Ya ce, "Wallahi na manta cewa lalacewa ce."

Ba mugu ba ne, ba kuma marowaci ba. Ya zauna da laifin ne har ya daina ganinsa. Shi ya sa Hausawa suka ce, sabo turken wawa.